Cacar ƙwallo a Yamai: lissafin da sabon shiga ya kamata ya yi kafin ya yanki tiken farko

Duk mai zaman fada a Yamai ya san yadda hira ke juyawa daga yammacin Jumma'a. Shayi na kan wuta, amma idon kowa na kan waya. Wannan na tambayar kot ɗin Real Madrid, wato lambar da ake ninka kuɗin caca da ita, wancan ya zaro doguwar takarda daga aljihu yana ƙirga wasannin da suka rage masa. Daga Bukoki zuwa Talaje, daga Wadata zuwa Yantala, da wuya ka yi tafiya mai nisa ba ka ga inda ake yankar tike ba, wanda kuma ba ya son a gan shi a bakin kiyos yana yi daga cikin ɗakinsa.

Ra'ayina ba ɓoyayye ba ne: wanda bai fara ba, kada ya fara. Sai dai faɗin haka kawai bai tsayar da samari ba, kuma yawancinsu suna shiga ne ba su ma san yadda kamfani ke cin ribarsa ba. Don haka ga matakan ɗaya bayan ɗaya, ƙanena, da lissafinsu. Ka ɗauko alƙalami, za mu yi amfani da shi.

Mataki na farko: ka san hukuncin abin da za ka shiga

A Musulunci babu saɓani a kan wannan. Aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta jera caca tare da giya, ta ce a nisance su, aya ta 91 kuma ta faɗi abin da suke haifarwa: gaba da ƙiyayya tsakanin mutane, da shagala daga ambaton Allah da salla. Wasu samari na cewa ta ƙwallo daban ce tunda akwai nazari a ciki. Malamai ba su karɓi wannan ba, domin siffar ɗaya ce: ka sa kuɗi a kan abin da ba ka san ƙarshensa ba, ko ka ci na wani ko a ci naka.

Ta fuskar hukuma, LONANI, wato kamfanin loto na ƙasa, ce ke riƙe da harkar loto da caca a Nijar, kuma ƙa'idar kamfanoni ita ce ba a karɓar wanda bai kai shekara 18 ba. Izinin hukuma magana ce daban, halaccin addini magana ce daban.

Mataki na biyu: koyi karanta kot

Kot ita ce lambar da ake ninka kuɗinka da ita idan ka ci. Ka sa jikka guda, sefa 1,000, a kan kot 1.50, za a ba ka 1,500. A cikin wannan akwai jikkarka, ribar 500 ce kawai. Sababbin shiga da yawa na ruɗewa a nan.

Amma kot tana da wani amfani da ya fi wannan. Raba 100 da ita, za ka ga yadda kamfani ke auna yiwuwar abin. Kot 2.00 na nufin kashi 50 cikin ɗari. Kot 1.25 kashi 80. Kot 5.00 kashi 20. Wato ko wasan da ake ce masa "tabbas", mai kot 1.25, a lissafin kamfanin da kansa yana faɗuwa kusan sau ɗaya cikin biyar.

Mu ƴan Nijar bai kamata a tuna mana da wannan ba. A watan Oktoba na 2010 Masar ta zo Yamai tana riƙe da kofin Afirka sau uku a jere, na 2006 da 2008 da 2010. Mena, ƙungiyarmu ta ƙasa, ta doke ta ɗaya da nema a filin Seyni Kountché, Moussa Maazou ne ya jefa ƙwallon, daga nan hanyar zuwa gasar 2012 ta buɗe. A Katar kuwa, ranar 22 ga Nuwamba 2022, Saudiyya ta ci Ajantina 2 da 1 bayan Ajantina ta yi wasa 36 ba a doke ta ba. Irin waɗannan ranakun ne kamfanoni ke cika asusu.

Mataki na uku: nemo rabon kamfani

Wannan ne matakin da nake so ka fi daɗewa a kai, don duk sauran a kansa suka dogara.

Ka ɗauka alƙalin wasa zai jefa kwabo sama, fuska biyu ne, kowace na da rabin yiwuwa. Kot ta adalci ita ce 2.00 a kowane ɓangare. Kamfani ba zai ba ka haka ba, zai ba ka 1.90 da 1.90. Kai ka sa jikka guda a wannan fuska, abokinka ya sa jikka guda a waccan. Kamfani ya karɓi 2,000. Duk wanda ya ci a cikinku, 1,900 za a ba shi. Sefa 100 ta zauna, kuma ba ruwan kamfani da wanda ya ci. Ba ya goyon bayan Barcelona, ba ya ƙin Chelsea.

Yanzu mu gwada da wasan ƙwallo. A ce masu gida na da 2.10, kunnen doki 3.30, baƙi 3.40. Raba 100 da kowace: 47.6 da 30.3 da 29.4. Haɗa su, ka samu 107.3. Da babu rabon kamfani, da 100 cif za su bayar, tunda dole ɗaya daga cikin ukun ya faru. Wannan rarar ta 7.3 ita ce rabon kamfani. Ma'anarta, a kan kowace sefa 1,000 da jama'a suka zuba a wannan wasa, wajen 930 ce ke komawa hannunsu in aka daɗe ana yi.

Ka buɗe kowane wasa a waya ko a takardar kiyos ka yi wannan lissafi da kanka. Za ka lura rarar ta fi ƙanƙanta a manyan gasanni irin na Ingila da Sifen, ta fi girma a ƙananan gasannin da ba kowa ya san su ba, da kuma a zaɓin faɗin ainihin yawan ƙwallayen da kowane ɓangare zai ci.

Dattawanmu masu PMU, waɗanda ke zama da takardar dawaki suna zana lambobi a kan sukuwar da ake yi can Faransa, tsarinsu ya bambanta kaɗan. A can ana tara kuɗin kowa wuri ɗaya, a cire rabon masu shirya abin, a raba ragowar ga waɗanda suka dace. Hanyar ce ta bambanta, amma a can ma ana cire rabon ne tun kafin doki ya ɗaga ƙafa.

Mataki na huɗu: alamomin da ke kan tike

Wannan ba ya buƙatar dogon bayani. Lamba 1 masu gida ne, X kunnen doki, 2 baƙi. Idan ka ga 1X ko X2 ko 12, ka rufe biyu cikin uku ke nan, shi ya sa kot ɗin ke raguwa sosai. Sama da 2.5 na nufin a ci ƙwallo uku ko fiye a wasan gaba ɗaya, ƙasa da 2.5 kuma biyu ko ƙasa. Akwai na cewa kowane ɓangare zai ci ƙwallo.

Ƙa'ida biyu ne ke jawo rigima a bakin kiyos. Ta farko, zaɓin 1X2 na minti 90 ne da ɗan ƙarin da alƙali ke yi. Idan wasan kofi ya je ƙarin lokaci ko bugun daga kai sai mai tsaron gida, a wajen tikenka kunnen doki aka yi, ko da ƙungiyarka ce ta wuce. Ta biyu, wasan da aka ɗage galibi ana mayar da kot ɗinsa 1.00, sai abin da kake tsammani ya ragu. Tiken takarda kuma yana da wa'adin karɓa, kuma rubutunsa na gogewa da zafi. A watan Afrilu na Yamai, aljihun wando ya isa ya share shi.

Mataki na biyar: kombine

A nan kuɗin samari ke tafiya. Kombine shi ne haɗa wasanni da yawa a tike ɗaya, a ninka kot ɗinsu, amma ɗaya ya faɗi duka sun faɗi.

Ka zaɓi wasa goma, kowane da kot 1.50, duka manyan ƙungiyoyi. In ka ninka su, kot ɗin ta kai wajen 57.7. Da dala ɗari, sefa 500, tike zai nuna maka kusan 28,800. Abin sha'awa. To bari mu duba ɗaya gefen. In aka cire rabon kamfani, wasa mai kot 1.50 na shiga kamar sau 62 cikin ɗari. Kafin goman su shiga tare, sai ka ninka 0.62 da kanta sau goma, abin da ke ba da kusan sau ɗaya cikin 119. Tike 119 a kan sefa 500 ya kama 59,500. Ka kashe 59,500 ke nan don ka karɓi 28,800.

Dalili shi ne rabon kamfani ma ninkuwa yake yi. A wasa ɗaya, kashi 93 ke dawowa. A wasa biyar, wajen kashi 70. A wasa goma, bai kai rabi ba. Shi ya sa tallan kamfanoni ke nuna tiken da ya yi tsawon kamu biyu, shi ya sa kuma suke ƙara maka "kyauta" in ka ƙara wasanni. Ruwa ba ya tsami banza.

Ga wani abu da ba a cika faɗa ba. A wannan tike mai wasa goma, yiwuwar tara su shiga ɗaya ya faɗi ta kai sau ɗaya cikin 19 ko 20, wato ta ninka yiwuwar cin tiken sau shida. Don haka idan ka ji ana cewa "wallahi wasa ɗaya ne ya yanke ni", ba alamar an kusa ba ce, haka tsarin yake bayarwa. Amma zuciya ba ta karanta shi haka. Tana ɗaukarsa nasarar da ta kuɓuce da ƙyar, sai mutum ya koma gobe da ƙarfinsa.

Mataki na shida: wata guda a takarda, babu ko dala

Kafin ka sa kuɗi, sayi ƙaramin littafi. Duk wasan da ka ji a ranka za ka buga, rubuta shi kafin a fara: ranar, wasan, zaɓinka, kot ɗin, da kuɗin da za ka sa. Bayan an tashi ka rubuta abin da ya faru. Sharaɗin shi ne ka rubuta duka, har waɗanda suka ba ka kunya, kuma kada ka gyara komai bayan an busa.

Ƙarshen wata ka haɗa abin da "ka sa" da abin da "ka karɓa". Mutum na tuna ranar da ya ci 20,000 shekara guda, ya manta dala ɗari ɗari da suka zube kafin ta da bayanta. Littafi ba ya mantuwa. Idan ka fita da riba a wata ɗaya, kada ka yi saurin ɗaukar kanka gwani, wata ɗaya ya yi kaɗan a raba sa'a da iyawa. Ƙara wata biyu.

Ka kuma tuna da wa kake karawa. Sanin sunayen ƴan wasan Arsenal da wanda ya ji ciwo ba sirri ba ne, kamfani ya san shi kafin kai, yana da kwamfutoci da ma'aikatan da ba su da wani aiki sai wannan, kuma ya riga ya sa shi cikin kot.

Mataki na bakwai: kiyos ko waya

Idan duk da haka ka ce sai ka taɓa, to aƙalla kada a cuce ka sau biyu.

Tambayi ko wurin na da izinin hukuma. Shafin intanet da ke wata ƙasa, ba shi da ofis a nan, in ya riƙe kuɗinka ba ka da ƙofar da za ka ƙwanƙwasa. Buɗe asusu da sunanka na gaskiya kamar yadda yake a katin ɗan ƙasa, da lambar wayar da ke da rajista da sunanka. Wajen zuba kuɗi ba mai tambayarka komai, wajen cirewa ne ake neman takardu, kuma in sunaye suka saɓa an samu hujjar hana ka. Kada ka yi amfani da katin yayanka ko lambar mahaifiyarka.

Gwada cire kuɗi kaɗan tun da wuri don ka ga ko hanyar na aiki da nawa ake yanka. Kuɗin waya irin su Airtel Money da Moov Money da Zamani Cash suna da kuɗin cirewa nasu, ka sa shi cikin lissafi. Lambar sirrinka ba ta mai kiyos ba ce, ba ta wanda ya kira ya ce daga kamfani yake ba ce.

Bonis ɗin maraba, wanda ake cewa ka sa 5,000 a ƙara maka 5,000, yana zuwa da sharaɗi. Galibi sai ka buga shi sau da yawa, a kombine, a kan kot da ba ta gaza wani adadi ba, cikin ƴan kwanaki. Ka riga ka ga abin da kombine ke yi wa kuɗi.

Tsakanin biyun, waya ta fi haɗari. Kiyos na rufewa da dare, kana miƙa takardar kuɗi da hannunka, kuma kunyar idon mutane na rage wani abu. Waya ba ta rufewa. A cikinta akwai cacar da ake yi ana tsakiyar wasa, akwai wasannin ƙwallo na kwamfuta da ke ƙarewa cikin ƴan mintuna, akwai na jirgin da ke tashi ana jiran ya faɗi. Waɗannan biyun na ƙarshe babu wani nazari a cikinsu, inji ne da aka saita da rabon kamfani, kuma saurinsu na sa a yi asarar wata guda a dare ɗaya.

Mataki na takwas: iyaka, tun kafin a fara

Ba a fafe gora ranar tafiya. Adadin da za ka iya rasawa a wata, ka yanke shi ranar da hankalinka ke kwance, ka ɗauke shi kuɗin da ya riga ya tafi. Kuɗin cefane ba ya ciki, haka na haya, na makarantar yara, na adashi, da jarin sana'a. Mai kabu-kabu kada ya taɓa kuɗin da zai kai wa mai babur da yamma. Yaron shago kada ya taɓa aljihun tebur da niyyar zai mayar. Bashi kuwa ko na dala ɗaya ne, a'a.

Ka auna ƙaramin kuɗi da ma'aunin wata. Sefa 500 kullum ita ce 15,000 a wata, 182,500 a shekara. Mafi ƙarancin albashi a Nijar tun farkon 2024 sefa 42,000 ne, ka ga dala ɗarin nan ta kullum ta haura kashi ɗaya cikin uku na albashin wani magidanci.

Babban ramin shi ne bin asara. Wani zai koya maka dabara: in ka faɗi ka ninka, duk ranar da ka ci ka mayar da komai. Gwada ta a takarda. 500, 1,000, 2,000, 4,000, 8,000, 16,000, 32,000. Faɗuwa bakwai a jere ta cinye 63,500, ta takwas na neman 64,000, kuma duk wannan don ribar 500 ne in kot ɗin 2.00 ce. Faɗuwa bakwai a jere ba abin mamaki ba ne ga mai bugawa kullum. Aljihunka zai ƙare kafin na kamfani.

Mataki na tara: masu sayar da "tabbas"

Da zarar ka shiga, za su same ka a WhatsApp da Telegram da Facebook. Wani zai ce yana da wasan da aka riga aka sayar, ka turo 5,000 ya ba ka sakamako. Ga yadda ake yi: ya tara mutum 90, ya ce wa 30 masu gida za su ci, 30 kunnen doki, 30 baƙi. Dole kashi ɗaya ya dace. Waɗannan 30 ya sake raba su uku a wasa na gaba. Bayan zagaye biyu akwai mutum 10 da suka ga ya faɗi daidai sau biyu, su ne za su rantse da shi, su ne kuma zai nemi babban kuɗi a wajensu. Hotunan tiken da suke nunawa kuwa, gyara hoto ba wuya.

Masu raba lambar talla, waɗanda ke cewa ka yi rajista da lambarsu, su ma ba don Allah suke yi ba. A tsarin da aka saba, ana biyansu ne bisa mutanen da suka kawo, sau da yawa daga cikin abin da mutanen suka yi asara. Ka tambayi kanka abin da mai irin wannan yarjejeniya ke fata a kanka.

Mataki na goma: alamun abin ya wuce wasa, da hanyar fita

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa kamuwa da caca cikin jerin cututtuka, don haka ba maganar raunin hali kawai ba ce. Alamun a bayyane suke: ka fara ɓoye tike ko share saƙonnin kuɗi, kana ƙarya a kan inda kuɗi suka tafi, ka ci bashi ko ka sayar da waya don ka buga, ka ƙetare iyakar da ka sa wa kanka, kana duba sakamako a sahun salla ko cikin dare, wasan da babu kuɗinka a kai ya daina yi maka daɗi. Biyu daga cikin waɗannan sun isa.

Ranar da ka yanke shawara, cire abin da ya rage a asusun, ka nemi kamfanin ya rufe shi. Manhajoji da yawa na da wurin da mutum ke hana kansa shiga, yi amfani da shi kafin ka goge manhajar, don gogewa kaɗai minti biyu ke warware ta. Fita daga rukunonin waya na masu raba hasashen wasanni duka. Na ɗan lokaci, bar kuɗinka a hannun wanda ka amince da shi, matarka ko yayanka ko mahaifiya, kada ka bar komai a asusun waya da dare. Idan fadarku ce matattarar abin, canja wurin kallon ƙwallo ranakun Asabar da Lahadi.

Basussukan kuma rubuta su a takarda ɗaya, da suna da adadi, ka je wa kowane mai bashi da abin da za ka iya biya a wata, ko jikka biyu ce. Ka faɗa wa babba ɗaya gaskiyar adadin gaba ɗaya, kawu ko limamin unguwa, ba rabinsa ba. Idan barci ya ƙaurace maka, ko tunanin cutar da kanka ya fara zuwa, kada ka jira: je asibiti mafi kusa a ranar, ko sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na Babban Asibitin Ƙasa na Yamai, ka tafi da wani ɗan'uwa.